Motar Georges da ba ta da madubi

Lokacin da nake takabar maigidana Hayatu, Allah ya jiƙansa, kullum da hantsi sai in tarar da garwa biyu cike da ruwa a bakin zaure. Ban san mai kawowa ba sai da wata maƙwabciya ta faɗa mini. Georges ne, baban Yvonne, Kirista ɗan ƙauyukan kan duwatsu, wanda guntuwar katanga ta raba gidanmu da nasa a unguwar Roumdé Adjia ta Garoua. Ya ji an ce mai takaba ba ta zuwa famfo, shi ke nan. Bai taɓa tsayawa in yi masa godiya ba.

Tsohon direban soja ne. Ya yi aiki a kudancin ƙasar shekarun yaƙin daji, farkon zamanin Shugaba Ahidjo, ya dawo da furfura tun lokacinta bai yi ba. Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin soja, ya sayi wata a-kori-kura koriya wadda ko tashi ba ta yi. Janyo ta aka yi, sai da aka rushe gefen ƙofar gidan kafin ta shiga. Matarsa Madeleine ta ce mini akwai waɗanda suka fi ta lafiya, amma shi wannan ya nace wa, kuma duk abin da suka mallaka ya tafi cikinta. In motar ba ta yi aiki ba, ba su da tuwo.

Ta kan katanga nake ganinsa. Ya sauke inji a kan tabarma, kowane ƙarfe ya wanke da kananzir ya jera shi a rana kamar mai shanya kuɓewa. Ya canza birki, ya liƙe lagireto, ya ƙara mata sifirin na babbar mota don ta ɗauki nauyi, ya shafe koren da shuɗin fenti. In aka kira salla sai ya ajiye guduma har ya ji na idar. Madubi ne kawai bai sa mata ba, na ciki da na gefe.

Uba mahauci, wanda ya yi masa alkawarin jigilar nama daga mahauta zuwa kasuwa, yakan leƙo ya tsokane shi.

"Georges, amaryar taka ba ta duba fuskarta ne?"

"Gaba za ta, Alhaji," in ji shi, bai yi dariya ba.

Ranar farko mahauta suka loda mata cinyoyin shanu. A bakin kasuwa Georges ya zagayo don buɗe ƙofar baya, ya ga jini ya bi layukan ƙarfen ƙasa ya taru a lungu, yana ɗiga kan taya. Uba ya ce ya daɗe tsaye, sannan ya juya ya taho gida da ƙafa, makulli a jikin mota. Wani direba ne ya kawo ta.

Daga nan ba ta sake fita ba. Ya goge bayanta da sabulu, da fetur, har farar ƙasar Figil ya sa aka kawo ya shafa. Ya rame. Madeleine ta fara sayar da tukwanenta.

Wata la'asar ina tsince shinkafa, ya tsaya a bayan katanga, idonsa a ƙasa. Ya ce wannan motar ita ce ya tuƙa a kudu, ya gane ta da waldar da ya yi wa ƙofa da hannunsa. Babbansu a soja ne ya cire madubin, ya ce direba gabansa yake kallo. Bai taɓa waiwayawa ba, amma kunne ba ya rufuwa. Akwai waɗanda suka hau bayanta da ƙafarsu, a can sai gawarsu ake ɗaukowa. Shi kuma a ba shi bokiti ya watsa ruwa. Bai san sunan ko ɗaya ba.

Kafin ya tafi ya roƙe ni abu ɗaya. Ni ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, ya sani. Ban tambayi malami ba, don na ji tsoron amsar. Washegari na tafi da ruwa, da ganyen magarya, da kafur. Na fara ta dama, yadda aka koya mini. Da na zo niyya sai bakina ya tsaya, don ban san wa nake wankewa ba, Musulmi ne ko Kirista. Na ce Allah ya san su.

Bayan haka motar ta yi shekaru tana jigilar gero da fasinja tsakanin Garoua da Figil, har ya rasu. Nama kam bai sake ɗauka ba, madubi ma bai sa ba. Matan unguwa sun sha tambayata me ya kai ni wanke motar Kirista da kafur, nakan kawo wata hirar. Har yau in na ji ƙamshin kafur sai in ji muryarsa ta kan katanga, a hankali:

"Inna, ba wanda ya yi musu wanka. Ki wanke mini bayan motar nan yadda kuke wanke mamaci."