Munsharin da ya hana ni tsawo

Shekarun baya, ina 'yar shekara tara, muna zaune a ɗakuna biyu na bayan gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA, inda mahaifina yake aikin tuƙi. Abu biyu aka san ni da su: gajarta da munshari. Ƙanwata da na girme da shekara biyu ta kere ni tsawo, har ni ce mai gadon yunifom ɗinta. Munsharin kuwa, mai gadin gidan ya taɓa rantsewa ya zaci janareto aka tayar.

Da yayyena suka gaji, sai aka mayar da shimfiɗata ɗan siton da ke jikin kicin, kusa da buhun masara. Ba mugunta ba ce, kowa yana da makaranta da safe. Amma a can nake farkawa firgigit kamar an shaƙe ni, baki a bushe, in zauna cikin duhu ba wanda zan taɓa. A makaranta kuma gyangyaɗi. Ƙawaye suka daina kirana wasa, wai ba ni da kuzari. In an fita cin abinci, ni kaɗai ke saura a aji, kaina a kan benci.

Malamarmu ta lissafi, wata 'yar Zariya, ita ta tare mahaifiyata a bakin makaranta. Ta ce, "Mama, yarinyar nan ba lalaci ke damunta ba. Dubi bakinta, kullum a buɗe. Ku kai ta asibiti."

Likita ya haska maƙogwarona, ya sa aka ɗauki hoto, sannan ya ce, "Wani nama ne ya kumbura a bayan hancinta ya tare hanya. Da barci ya fara nisa sai numfashi ya tsaya, ta farka. Sinadarin da ke sa yaro girma kuwa, a barci mai nauyi jiki ya fi sakinsa. Ita ba ta kaiwa can."

Mahaifiyata ta ce, "Likita, wato duk ƙarar nan ba barci take yi ba?"

Ya ce, "Kokawa take yi."

Ranar na fara ganin hawayenta a gaban baƙo.

Aka yi aiki aka cire naman. Da muka dawo gida ta shimfiɗa mini kusa da ita. Sau uku tana tashina, wai shirun ya yi yawa.

Tsawo ya zo daga baya, ba dai da yawa ba, don har yau sai na taka kujera nake sauko da tukunya. Abin da bai zo ba shi ne sabo da mutane. Ko a gidan biki, sai in tsinci kaina a lungu ina kallo.

Kafin ta rasu, mahaifiyata ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata shekarun nan. Na ce mata wallahi ba komai, yarinta ce, ni ban ma riƙe ba. Yafiyar gaskiya ce. Sauran kuwa don ta samu natsuwa na faɗa.