Na Kai Katunan Ƙwallo Lamineshin

Jama'a, yau saura ƙiris in kashe kasuwata da hannuna.

Kafilina ya sauya gida, ya bar min kwalin tsoffin katunan 'yan ƙwallo, irin waɗanda mutane ke tarawa. Na ɗauki hotonsu na sa a kasuwar intanet. Wani Balarabe, Abu Fahad, ya ce zai zo Manfuha ya saya.

Ni kuwa duk takardar da nake ji da ita lamineshin nake kai ta. Haka na taɓa lalata takardar makarantar ɗana, har yau ina jin kunyarsa. Na kwashi katunan sai shago. Mai shagon ya yi ɗaya, aka kira la'asar, ya ce in dawo bayan sallah.

Abu Fahad ya iso, na miƙa masa ɗayan ina taƙama. Ya dafe kai.

"Ya Hajji, ka kashe wannan. Ina sauran?"

"Suna shago, suna jiran layi."

"Yalla, shiga mota!"

Muka tarar inji ya yi zafi, mai shago ya ɗauko na biyu. Na riƙe hannunsa gam.

Ya ce, "Baba, na fa yi maka ragi."

Nan kan teburinsa Abu Fahad ya saye sauran duka, bai ko taya ba.