Sa Hannu Kafin Fatiha

Har yau, in na bi ta gefen injin casar shinkafa, warin dusa ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci. Shinkafa ba ta yi mini laifin komai ba. Kawuna nake tunawa.

Ina 'yar aji huɗu lokacin, muna zaune a Dutsin-Ma. Babanmu da kawu, ƙanen innarmu, suna aiki a wani kamfanin casa da ke kan hanyar Kurfi. In shinkafar noman rani ta fara shigowa daga yankin madatsar Zobe, sai su dawo gida fari fat, har gashin ido. Baba ne wakilin ma'aikata. Bai yi boko ba, amma in ya buɗe baki ana saurare, shi ya sa suka ɗora masa. Shi ke kai kukansu gaban manaja, ya dawo musu da amsa, mai daɗi ko mara daɗi.

Wata Laraba bel ɗin injin ya cinye wa kawu yatsu uku na hannun dama. Kafin ma ya bar asibiti aka aiko cewa an sallame shi. Mutum mai 'ya'ya biyar! Ma'aikata suka ajiye aiki, buhuna suka taru a rana. Kwana shida Baba yana zama da manaja, yana dawowa muryarsa a dishe. A rana ta bakwai aka daidaita: za a rufe bel ɗin da murfin ƙarfe, kawu kuma zai koma gadin ƙofa. Aka kira liman, aka ɗaga hannuwa, aka shafa Fatiha. Manaja ma ya shafa, a gaban kowa.

Da yamma maƙwabcinmu, wani malamin firamare, ya tambayi Baba, "Malam, kun dai rubuta ko?"

Baba ya yi dariya. "Haba, Malam! Abin da aka yi wa Fatiha?"

Aka koma aiki, aka cashe shinkafa, motoci suka kwashe ta tas. Da kawu ya warke ya je kama gadinsa, manajan nan ya dube shi, ko kunya babu, ya ce, "Ina takarda? Wa ya sa hannu?" Ka ji fa! Mutumin da injinka ya cinye wa hannu, shi kake tambaya sa hannu.

Ma'aikata ba su sake fita yajin aiki ba, don lokacin casa ya wuce, ba su da abin riƙewa. Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba suka juya wa baya, har da masu cewa an saye shi. Kawu ya koma ƙauye, Tamawa, yana fama da fartanya da yatsu biyu. Bai taɓa zargin Baba ba, amma shi Baba har ya rasu bai sake iya kallonsa ido da ido ba.

Yanzu ni ce ke zama a teburin sulhu a madadin ma'aikata. Injuna sun canja, manajoji sun iya murmushi, hali dai yana nan. Duk lokacin da aka daidaita wani dattijo ya ce, "To, a shafa," sai in tura takarda da biro gaban manaja. Suna cewa na cika taurin kai, wasu har suna ganin na raina addu'a. Ban raina ta ba. Na taɓa ganin an ci amanarta ne, kuma a gidanmu aka biya. Manaja ya sa hannu tukuna, sannan in ɗaga nawa.