Ranar da Na Gaida Bango

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ni ba, har wasu jikoki sun fara tambayar wa zai gaji tukwanena. Ina nan daram. Tari ne ya kwantar da ni, shi ya tuno mini da wani tsohon tari.

Lokacin muna Barkiya, mulkin soja. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na rame, ƙafafu kuma suka kumbura. Malam, mai gidana, ya kai ni asibiti a Dutsin-Ma. Aka gwada majina, aka ce tarin fuka ne. Likita ya saurari ƙirjina ya ce, "Malam, kamar ruwa ya taru a zuciya. Sai Zariya, can ake hotonta."

Raguna muka sayar, muka tafi.

Mai ɗaukar hoton wata ce Sista Rahila. Ta buɗe tagogi, ta rufe hanci da baki, ta sa safar hannu. Na ce a raina, to, yau na zama mushe.

Ta ce in kwanta gefen hagu, in fuskanci bango. Ta zauna bayana, ta shafa mini wani mai mai sanyi.

Ni kuwa ba a tarbiyyantar da ni in ba mutum ƙeya ba mu gaisa ba. Na juyo. "Ina gajiya, Sista?"

"Mama, bango."

Na sake juyowa. "Ya mutanen gida?" Sai tari ya kubce, a fuskarta.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Mama, jariri nake shayarwa. Abin da na ɗauka nan, shi zan kai wa."

Na toshe baki da mayafi. Sauran gaisuwar bango na yi wa, har da tambayar ruwan bana.

An ga ruwan a zuciya, an zuƙe, na shiga allura da ƙwayoyi wata da watanni. Ciwon bai tsorata ni kamar tunanin jaririn nan ba.

Da na koma a sake hoto, na tarar da Sista ta yi ƙiba. Tun daga ƙofa na juya mata baya, na ce, "Ya ɗana?"

"Ya fara rarrafe, Mama."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa masu jinya, ya jiƙan Malam.

Ku kuma, tari in ya daɗe a je a gwada, magani a sha shi har ƙarshe. In ma'aikaci ya rufe fuska, ba ƙyama ba ce, yana da mai jiran sa a gida. Ku rufe baki, ku kalli bango. Na gwada gaishe shi, bai amsa ba, amma bai kamu ba.