Kwana Goman da Na Roƙar wa Kare

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a Tamanrasset, can ƙetaren iyakar ƙasarmu cikin hamada, an taɓa ɗora mini hukuncin ran wani kare. Tun farko in faɗa, abin ya daɗe, kuma ɗan littafin da na rubuta abubuwan a ciki ya ɓace a wata ƙaura. Mai yiwuwa na haɗa ranaku biyu sun zama ɗaya, mai yiwuwa kuma maganar da na sa a bakin wani, wani ne daban ya faɗe ta. Amma ainihin labarin ban manta shi ba. Abin da ya tuno mini shi ne gardamar da na ga ana ta yi kwanakin nan, wai akwai karnukan da mugunta a jininsu take.

Na gama karatun kiwon dabbobi a Yamai, na koma Damagaram na yi shekara guda ina jiran aikin gwamnati, bai zo ba. Sai kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya aiko in zo in taya shi zaman shago a kasuwar Assihar. Ban yi wata biyu ba 'yan garinmu suka laƙa mini suna Malam Wataƙila, don ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na duba agogo sau biyu kafin in ba da amsa.

A unguwar Tahaggart wani Balarabe, abokin cinikin kawu, yana gina gidan sama. Leburorin duk 'yan ƙasarmu ne, kuma babban maginin abokina ne tun muna lekkol, wato makarantar boko. Kusan kullum da azahar nakan je can mu ci abinci mu yi salla tare.

Mai ginin ya kawo kare don gadin siminti da ƙarafa. Irin manyan nan ne masu miƙaƙƙun kunnuwa da ake gani wurin jandarma, mu dai karen Turai muke ce masa. An ɗaure shi da sarƙar da ba ta fi taku uku ba, a ƙofar ɗakin siminti. Dab da wurin kuma tano yake, wato babban duron ruwan da kowa ke cika butarsa in zai yi alwala.

Wata azahar abokina ya je cika buta, sai muka ji ihu. Kare ya kama shi a dantse, sai da aka yi da gaske ya saki. Na ja shi bakin ruwa na yi ta wanke ciwon da sabulu har ya ce, "Kai Malam, wanki za ka yi da ni ne?" Daga nan na kai shi asibiti aka yi masa allura aka ɗaure hannun.

Da muka dawo na tarar leburori sun kewaye karen, kowa da guntun ƙarfe a hannu. Ɗaya yana cewa irin wannan kare uwarsa kura ce. Wani ya ce a'a, da ɗanyen nama ake rainonsu, in suka girma sai sun ɗanɗana na mutum. Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa ita ce, duk wurin abokina ne kaɗai bai taɓa jifan karen ba, shi ne ma yake jefa masa ƙashi. In har ya ciji wannan, to ba sauran magana, halinsa ne.

Mai ginin ya iso tare da kawu. Ya dube ni ya yi magana da Larabci, kawu ya fassara: "Ya ce kai ne ka karanci dabbobi. In irin karen ne mugu, yau zai sa a harbe shi. Ka faɗi gaskiya."

Na ce, "To, wataƙila..."

Wurin ya ɗauki dariya, har da mai ɗaurarren hannu. Na ji kunya ƙwarai, amma na tuna abu ɗaya da nake da tabbacinsa. Na ce karen da ya ciji mutum ba a kashe shi nan take, ana sa masa ido kwana goma a ga ko yana da ciwon hauka. In aka kashe shi yau, ba wanda zai san abin da ya shiga jikin abokina. Wannan gaskiya ce, ba dabara ba. Sai dai in ban ɓoye ba, kwana goman ni ma ina bukatarsu, don ban san amsar tambayar da aka yi mini ba, kuma ba zan iya cewa a kashe rai a kan abin da ban sani ba.

Mai ginin ya yarda, da sharaɗin ni zan yi gadin karen.

Haka na koma zama a kan bulo da littafi da biro, tun safe har la'asar. Leburori in sun wuce sai su ce, "Malam Wataƙila, ɗalibinka ya iya karatu kuwa?" Ranar farko ban rubuta komai ba sai "ya ci, ya sha, ba ya dalalar da yawu". Da azahar na tashi zan cika buta, sai na ga hannuna ya kai ƙasa da kansa ya ɗauki tsakuwa. Na tsaya ina kallon hannun nan kamar ba nawa ba.

Ashe haka kowa yake yi, ni ma watanni ina yi ban lura ba. Duk wanda zai je tano sai ya fara duƙawa ya ɗauki dutse ya jefa, don karen ya ja baya kada yawunsa ya taɓa riga ko buta a ɓata wa mutum tsarkinsa. Ba mugunta muke nufi ba, salla muke so mu yi. Amma mutum kusan ashirin ne, azahar da la'asar, kullum. Kwanon ruwansa ma wani ya ture shi nesa da tano, inda sarƙa ba ta kaiwa, sai in mai gadin wurin ya tuna yake miƙa masa.

Daga rana ta uku na fara rubuta wanda ya zo da abin da karen ya yi. Mai motar ruwa ya zo a tsaye da tiyo a kafaɗa, karen ko kai bai ɗaga ba. Matar da ke kawo abincin sayarwa ta wuce da tire a ka, bai motsa ba. Amma duk wanda ya duƙa, ko takalmi zai gyara, sai karen ya zabura har sarƙa ta shaƙe shi. Na je na tambayi abokina me yake yi lokacin da aka cije shi.

Ya ce, "Buta zan ajiye ƙasa mana. Me kake so ka ce, ni na jawo?"

Na ce ban ce ba.

Ya ce, "Hannuna ne ya kumbura ko na karen? Ga ka nan kana rubuta masa littafi, ni ko sannu sau ɗaya ka yi mini."

Maganar nan ta zauna mini a rai, don da gaskiyarsa. Kwana bakwai ke nan bai ɗauki cokalin gini ba.

Na bincika inda aka samo karen, aka ce wurin wani tsoho mai lambu a ƙauyen Tit, wajen gari. Rana ta takwas na bar wa mai gadi amana, na shiga motar masu kai kaya na je. Yaren Tamahak tsohon yake ji, amma yana da Hausar da ya koyo a Agadas. Na same shi duƙe a kan hanyar ruwa yana buɗe wa dabino, ga wani kare kwance a gefen ƙafarsa, girma ɗaya, kunnuwa ɗaya, har baƙin bayan iri ɗaya. Awaki suna tsallake shi bai kula ba. Tsohon ya ce uwarsu ɗaya, rana ɗaya aka haife su. Da na ba shi labari sai ya ce, "Wanda na bayar ya fi wannan sanyi. Shi ya sa na zaɓe shi don cikin gari."

Da na dawo kawu ya kira ni bayan shago. Ya ce, "Ɗana, ka saurare ni. Mutumin nan yaranmu yake ba aiki, kuma ka san rabinsu takardunsu ba su cika ba. In ka ce laifinsa ne ka ɓata masa rai. In ka ce laifin yaranmu ne ka ba shi dalilin sallamarsu. Ka ce irin karen ne, a harbe, kowa ya huta."

Na ce, "Kawu, ba haka na gani ba."

Ya ce, "Wa ya tambaye ka abin da ka gani? Kai da ba ka taɓa tabbatar da komai ba, yau a kan kare za ka fara?"

Ba a musu da kawu. Amma na san ba zan faɗi abin da ya ce ba. Na yi ta juya maganar ina neman hanyar da ba za ta taɓa kowa ba, ban samu ba. Hanyar da ba ta taɓa kowa ita ce wadda ke kashe karen.

Rana ta goma, da tsakar rana, kowa ya taru. Na fara da cewa karen lafiyarsa ƙalau, ba hauka, abokina ya kwantar da hankalinsa. Sannan na ce su kalla. Na taka a tsaye har inda sarƙa take ƙarewa, karen ya dube ni ya mai da kai ƙasa. Na dawo baya taku biyu, na duƙa kamar zan ɗauki abu. Ya taso da ƙarfin da har ƙarfen da aka ɗaure shi ya girgiza. Na faɗi zaune a kan yashi, ba wanda ya yi dariya.

Na tashi na kaɗe wando na ce, "Ba irinsa ba ne. Mu muka koya masa cewa duk wanda ya duƙa dutse zai ɗauka. Ni ma ina cikin masu jifan."

Kawu ya fassara, fuskarsa a ɗaure. Mai ginin ya gyaɗa kai ya juya yana harar leburori. Sai na ce, "Kawu, da saura." Kawu ya dube ni irin kallon da na sani tun ina yaro, amma na ci gaba. Na ce wanda ya ɗaure kare a bakin ruwan alwalar mutane, shi ya fara haɗa faɗan. Mai ginin ya ɗaga murya ya ce kullum sai ya aiko wa karen da nama. Na ce, "Alhaji, nama kana ba shi, inuwa ce ba ka ba shi ba. Don Allah taɓa sarƙar nan."

Ya tsaya kamar ba zai yi ba. Can ya miƙa hannu ya taɓa ta wajen ƙarfen, a tsaye, ya janye da sauri yana yarfa yatsu saboda zafinta. Wata huɗu karen yana ɗauke da ita a wuya.

Ni a raina na gama sallama da aikin mutanen nan, ina tunanin yadda zan haɗa ido da su. Sai mai ginin ya juya wurin abokina ya ce shi aka ciza, shi ke da magana.

Abokina ya dubi hannunsa, ya dubi karen, ya ce, "A mai da shi Tit. Amma wallahi ba ni zan zauna da shi a bayan mota ba. Ga malaminsa nan."

Haka aka yi. Ni da karen a bayan motar ɗaukar yashi, na zauna a miƙe kamar sanda, hulata ta faɗi ƙasan motar ban yarda na duƙa na ɗauka ba har muka isa. Ba a sallami kowa daga aiki ba. Kawu ya yi kwana uku ba ya yi mini magana sai ta ciniki, rana ta huɗu ya miƙo mini shayi ya ce, "Ashe kana da wata kalma ban da wataƙila."

Bayan wata shida na koma Tit. Karen ya yi ƙiba, yana yawo ba sarƙa. Amma da na duƙa a bakin ruwa zan yi alwala, sai ya miƙe ya ƙame, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Tsohon ya kira shi ya dafa kansa, ya ce mini, "Da ni ya daina. Da baƙo har yanzu." Abin da muka shuka a wata huɗu, wata shida bai cire shi ba.

Ba na so a ɗauki maganata fiye da inda ta kai. Kare ɗaya na gani da ɗan'uwansa, ba bincike na yi ba. Ban ce duk karnuka halinsu ɗaya ba, kuma babban kare in ya yi cizo ba kamar ƙarami ba ne, tabon yana nan a dantsen abokina har yau. Wanda ba zai iya ba irin wannan dabba wuri da lokaci ba, kada ya ajiye ta. Abin da na koya kawai shi ne, ranar nan cewa "irinsa ne" ta fi wa kowa sauƙi, domin ita kaɗai ce amsar da ba ta bukatar wani a cikinmu ya canza komai. Tun daga lokacin, in aka ce mini kare ya ciji mutum, nakan fara da yi wa mutumin sannu, wannan abokina ya koya mini. Sannan in tambaya ina aka ɗaure karen, wa yake wucewa ta wurin, da me a hannunsa.

Waɗanda suka yi aiki a ginin nan, in kuna raye kuma wannan ya iso gare ku, ku aiko mini da gyara. Abokina ya dage wai kwana tara ne ba goma ba, kuma wai ba faɗuwa na yi ba, gudu na yi. Zan karɓa in wani ya goyi bayansa. Abu ɗaya ne ba zan karɓi gyara a kansa ba: na ga hannuwan da suka ɗauki duwatsun nan, kuma ɗaya daga ciki nawa ne.