Malam Iro Kafinta da Jan Layin Shagonsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a bakin injin yanka katako, ina fitar da kusurwar firam ɗin taga, sai na hangi mutum da wutsiyar ido ya tsaya a ƙofar shago. Ban waiwaya ba. Na ƙarasa yankan, na saki makunni, na bar kan injin a ƙasa har zarton ya daina juyawa, sannan na ɗaga shi na juyo. Lawal ne, babban ɗan maigidana Malam Iro Kafinta, yana tsaye a bayan jan layin da mahaifinsa ya shata da fenti a daɓen shagon. Ƙafarsa ba takalmi, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Sai a lokacin ya yi sallama, na amsa, ya ce, "Malam Sani, Baba ya cika." Tun daga Tudun Jukun ya taho da wannan magana a bakinsa, amma ya dakata sai da zarto ya tsaya, domin haka mahaifinsa ya hore mu.

Ni ba yaron da Malam Iro ya raina ba ne. Da gemuna na zo masa, shekara takwas ke nan, bayan ɗan shagon da na buɗe a Kwangila ya ƙi gaba. Hannuna ya iya aiki, wannan kam ba wanda ya taɓa musa mini, sai dai ina da gaggawa kuma ina da zuciya. Ranar farko ya miƙo mini zarton hannu da guntun maɗaci, ya ce in yanka. Na yanka nan da nan ina jiran yabo. Ya juya katakon ya duba, ya ce, "Ka iya. Amma wa ke binka da gudu?" Ya nuna mini teburin da zan riƙa aiki, maganar ɗaukata ke nan.

Sai ga shekarun nan da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Kowa a Zariya gini yake yi. Ma'aikacin da ya samu ƙarin albashi zai rushe ɗakin ƙasa ya ɗora bulo da kwano, ɗan kasuwa na son bene, makarantu sai ƙaruwa suke, kuma kowane gini na neman ƙofa da taga. Zarton hannu ya kasa. Malam ya tafi Kano ya dawo da injin nan, wanda a lokacin ban san wani shago a Tudun Wada da ke da irinsa ba. Zarto ne zagayayye kamar faifai, haƙora kewaye da shi, ana sauke shi daga sama bisa katako, kuma ana karkata shi dama ko hagu ya fitar da kusurwa yadda bakin firam biyu za su haɗu babu ko kafar allura. Yana da murfi da ke rufe haƙoran da zarar an ɗaga kansa.

Mu duk mun ƙosa a kunna. Malam ya bar shi kwana uku bai haɗa shi da wuta ba. Kullum bayan la'asar zai sa Lawal, wanda akawu ne a wani ofis, ya karanta masa ɗan littafin Turancin da ya zo da injin yana fassara masa, shi kuma yana taɓa kowane ƙarfe yana tambaya. Da na yi ƙorafi ga aiki na jira, ya ce, "Baƙon da ya zo maka da haƙora, sai ka san halinsa kafin ka ba shi masauki."

A rana ta huɗu ya tara mu ya faɗi dokokinsa, bai kuma sake sassauta ko ɗaya ba har ya bar duniya. Ba mai zuwa bakin inji da babbar riga, ko da ranar Juma'a ce. Mai kaftani ya naɗe hannu har gwiwa. Katako ya kwanta ya jingina sosai da ƙarfen baya kafin a taɓa makunni, kuma hannun da ke danne shi ya nisanci haƙora da taƙi guda. Guntun da ya yi ƙanƙanta a bar wa zarton hannu. Tabarau dole ne, saboda ɓarɓashi. Wanda zai canza zarto ko ya share garin katako, ya fara zare waya daga bango da hannunsa, kada ya ce wani ya zare masa. In an gama yanka, kada a ɗaga kan inji sai ya yi shiru. Murfin nan kuwa, ya ce duk wanda ya taɓa shi, to shi Malam ya taɓa.

Waɗannan duka ba wanda ya ga laifinsu. Abin da ya jawo masa surutu a unguwa shi ne jan layin. Ya shata shi taku uku daga inji, ya ajiye benci a waje ƙarƙashin darbejiya, ya ce baƙo kowane ne ba ya ƙetarewa, kuma wanda ke bakin inji ba ya amsa sallama, ba ya waiwaye, ba ya durƙusa wa kowa sai zarto ya tsaya. A garin malamai irin namu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wasu suka ce Iro ya samu inji ya samu girman kai, har ya hana amsa sallama. Wani dattijo ya tare shi da maganar a ƙofar masallaci. Malam ya ce masa, "Allah gafarta Malam, kai ka koya mana cewa in mutum ɗaya ya amsa sallama ya ɗauke wa sauran. To ni zan riƙa amsawa. In ba na kusa, baƙo ya yi haƙurin da bai kai na shan ruwa ba." Mu kuma a shago yakan ce mana, "Zarto ba shi da suruki. Bai san wanda ake jin kunya ba." Mukan yi dariya.

Ba zan ce Malam Iro mutum ne mai sauƙi ba, don ba zan yi masa ƙarya a kabari ba. Yana da taurin kai, kuma bakinsa bai iya yabo ba. In ka ji ya ce "ba laifi", to ka kai ƙarshen abin da zai ba ka. Amma bai taɓa cin abinci a shago shi kaɗai ba, kuma idan aiki ya ɓaci a hannun ɗayanmu, shi yake fita ya tsaya gaban mai kaya ya ce, "Shagona ne, laifina ne."

Shekara biyu da suka wuce, wata Alhamis, muna kan tagogin wata makaranta, masu aikin sun matsa mana lamba. Ni kuma ina da suna da zan je bayan azahar, na zo da sabon kaftani. Malam ya zaga baya duba katakon da aka sauke. Murfin nan yana ɗan tare mini ganin zanen fensir, sai na ɗauki guntuwar waya na ɗaure shi sama, na ce zan kwance kafin ya dawo. Hannun kaftanin ma ban naɗe ba, don kada ya yamutse. Ina tsakiyar yanka sai na ji sallama daidai kafaɗata, da muryar da na sani. Alhaji Tanimu ne na Gyallesu, malamin zaure, mahaifin matata Asabe. Bai taɓa zuwa shagon ba, bai san me jan fenti a ƙasa yake nufi ba.

Duk wanda ya tashi a Zazzau ya san abin da jikin mutum ke yi in surukinsa ya tsaya a kansa. Gwiwata ta nufi ƙasa tun kafin tunanina ya iso. Na saki makunni, na saki kan injin ya koma sama, zarton na ci gaba da juyawa tsirara, na kai hannun hagu zan dafa tebur in durƙusa. Haƙoran suka cafke hannun kaftanin suka ja. A wannan ƙiftawar ido na ji Malam Iro, wanda ban ga dawowarsa ba, ya finciko ni ta wuyan riga da ƙarfin da ban san dattijon yana da shi ba, muka zube tare a kan garin katako. Rigar ta tsage har gwiwar hannu, gefen tafina ƙasa da ƙaramin yatsa ya buɗe, jini na zuba. Yatsuna biyar suna nan.

Malam ya miƙe yana haki, ya dubi surukina, ya daka masa tsawar da ta kai bakin titi: "Alhaji, koma bayan layi!" Alhaji Tanimu, mutumin da manyan malamai ke tuɓe takalmi kafin su gaishe shi, ya juya ya fita.

Malam ya ɗaure mini hannu, ya goya ni a bayan babur ɗinsa zuwa wani asibiti aka yi ɗinki. Da muka dawo ya kwance wayar nan daga murfin, ya rataye ta a ƙusa daidai inda duk mai tsayawa bakin inji zai gan ta. Abin da ya ce kawai shi ne, "In ka warke, kwana arba'in zarton hannu."

A nan ne abin kunyata yake, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Ban gode masa ba. Tsawar da ya yi wa surukina ta fi mini ɗinkin zafi. Na riƙa cewa a raina ya tozarta ni, ya sa ba zan iya ɗaga kai a Gyallesu ba. Na ci gaba da gaishe shi, na ci gaba da aiki, amma na daina zama kan tabarmarsa cin abinci, kuma ya lura. Bayan kamar wata guda Alhaji Tanimu ya dawo shagon, ya tsaya a bayan layi shiru har inji ya tsaya, sannan ya yi sallama. Na ɗauka hucewa kawai ya yi irin ta manya. Suruki ba abokin hira ba ne, ban tambaya ba.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da Malam makonni biyu da suka wuce, na je duba shi sau biyu. Duk zuwan maganar godiyar tana bakina. Shi kuwa tambayarsa ɗaya: "Kana zare waya kafin ka share?" Na ce ina zarewa. Na ce a raina in ya ji sauƙi zan faɗa masa. Ranar Talata ni da Lawal da limamin unguwarsu muka yi masa wanka. Da na kama hannunsa na dama ina wankewa, hannun da ya finciko ni, sai da liman ya ce in fita in sha iska.

Ranar sadakar uku Alhaji Tanimu ya aiko a kira ni gefe. Na durƙusa. Ya ce, "Sani, akwai amanar da aka ba ni, mai ita ya tafi, nauyinta ya ishe ni. Washegarin ranar nan maigidanka ya zo zaurena da sassafe cikin babbar riga. Ya girme ni, amma ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa gaban ɗalibaina. Ya ciro hannun rigarka da ya tsage, da jininsa, ya shimfiɗa a gabana. Ya ce, 'Alhaji, na zo ba ka haƙuri kan muryata, ban zo ba ka haƙuri kan dokar ba. Ka ba da 'yarka ga mutum mai yatsu goma, da su yake ciyar da ita. Yatsun nan amana ne a wurina. Laifin durƙuson kuma kada ka ɗora masa, tarbiyyarku ce ta yi aiki.' Da zai tashi ya roƙe ni kada in gaya maka. Ya ce kana da zuciya, za ka ga kamar gori ne."

Shekara biyu ina fushi da mutumin da ya tsare mini hannu, ya kuma je ya zubar da girmansa a ƙasa don ya tsare mini aure, bai taɓa ko nuna mini a fuska ba. Wallahi ina jin kunya, kuma ina kewarsa.

Jiya na buɗe shago. Wayar tana nan a ƙusarta. Jan layin ya koɗe saboda tafiyar ƙafa, na samo fenti na sake bin sa.

Ya Allah, ga bawanKa Ibrahim ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya tsare gaɓoɓin bayinKa daga haƙoran ƙarfe, Ka tsare gaɓoɓinsa daga wuta, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba maiɗakinsa Inna Hauwa haƙuri da dangana, Ka raya Lawal da ƙannensa bisa tarbiyyarsa, Ka rufa musu asiri duniya da lahira. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Malam, ban ce maka na gode ba kana raye. Ina roƙon Allah Ya isar maka. Ga hannuwana biyu na ɗaga ina yi maka addu'a, yatsu goma cif. Amin.