Direban da bai taɓa buge kowa ba

Shekara ashirin da bakwai Matsa-Gefe ya yi yana tuƙi, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ka ji wannan labarin, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Direban wani mai kamfanin kayan gini ne, mutumin da yake kira Yallaɓai ko a bayan idonsa. Laƙabin Matsa-Gefe kuwa mutanen layinsu ne suka manna masa, don ba ya iya wuce mai tafiya a ƙasa bai sauke gilashi ya daka masa tsawa ba: "Matsa gefe!" Da farko sunan yana ba shi haushi, daga baya ya rungume shi kamar an naɗa masa sarauta.

Da ya cika shekara ashirin da biyar a aiki, kamfanin ya ba shi takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, an rubuta cewa ga direban da bai taɓa yin haɗari ba. Ya sa aka yi mata firam da gilashi, ya buga ƙusa a falo daidai inda idon baƙo zai fara sauka, ya rataye ta. Ba shi da gida nasa, ba shi da ko tayar mota tasa, amma yana da wannan takarda, kuma a kanta ya ɗora duk girman kansa. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne yawan tsofaffin da suka faɗa kwata saboda shi, da masu keken da ya matse har suka sauka daga kwalta suna salati. Bai buge kowa ba, gaskiya ne. Mutane ne suka iya tsalle.

A wurinsa hanya tana da masu ita, su ne masu mota. Mai tafiya a ƙasa ɗan cin arziki ne, sai ya lallaɓa ta gefe yana godiya. Mai keke kuwa ya fi kowa ba shi haushi. "Shi bai kai mota ba, shi bai tsaya a mutum ba," in ji shi, "sai karkaɗa gindi a gaban mutane." Yana faɗin haka yana goge madubin motar wani da hannun rigarsa.

Matarsa tana aiki a sashen wanki na wani asibiti, shekara goma sha tara ke nan, har sinadarin wanki ya cinye mata zanen yatsu. A ƙofar gidansu motar take kwana, kuma kullum da safe ta gaban asibitin yake wucewa babu kowa a ciki in zai ɗauko Yallaɓai. Ko sau ɗaya bai taɓa rage mata hanya ba. "Motar aiki ce," yake cewa, kamar ita wasa za ta je yi. Sai ta goge masa gilashin takardar yabonsa, don yakan shafa yatsa ya duba ƙura kafin ya fita, sannan ta ɗauki jakarta ta tafi jiran bas.

Sai annoba ta zo, aka sa dokar kulle. Bas ta daina fita, aka hana motocin gida yawo, aka bar wa mutane ƙafafunsu da kekunansu. Yallaɓai ya shige bene ya rufe ƙofa, aka lulluɓe motar da tamfol a gareji. Kwana huɗu Matsa-Gefe yana zaune a falo yana kallon takardarsa kafin aka kira shi. Ta tagar sama Yallaɓai ya yi masa magana, takunkumi biyu a fuska: gida yana bukatar mai zuwa kantin magani da kasuwa, ga keken mai ban ruwan fulawa nan jingine tunda shi ya tafi garinsu, in zai iya to, in ba zai iya ba ya koma gida ya huta har a buɗe gari. Matsa-Gefe ya san irin wannan hutun, wanda ake tafiya ba a dawowa. Ya ce zai iya.

Mai gadi ne ya fito masa da keken, baƙi, tsoho, da kwando a gaba da kariyar ɗaukar kaya a baya. Ya buga masa iska, ya matsa ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin hannun keken ya nuna masa.

"Direba, birkin nan a hannu yake fa. Wannan na baya, wannan na gaba. Ka ɗan gwada a tsakar gida tukuna."

Matsa-Gefe ya kalle shi daga sama har ƙasa. "Ni za ka koya wa birki? Ina taka birki kana tallan rake. Buɗe min ƙofa."

Ya taɓa hawa keke yana yaro, don haka bai faɗi ba. Ya fita yana tangaɗi da hular aikinsa da farar rigarsa mai karin guga, hannunsa yana laluben giya a iska, idonsa yana neman madubin da babu. In zai tsaya sai ya zuba ƙafafu biyu ƙasa ya ja takalmi har keken ya gaji. Hanyar kasuwa shimfiɗaɗɗiya ce, dabarar tana yi masa aiki, shi ke nan ya yanke hukunci cewa birkin hannu na yara ne da mata.

Abin da ya gani a titi ya fi hawan keken ci masa rai. Kwaltar da ya yi shekaru yana share wa Yallaɓai ta cika da mutane, suna tafiya a tsakiyarta hankali kwance kamar gadon ubansu ce. Ga ma'aikatan asibiti, ga masu ɗauke da buhun gari a ka, ga tsofaffi da sanda, kowa ya rufe hanci yana kauce wa ɗan'uwansa. Ga kuma manyan mutane da zaman gida ya ishe su, sun matse tumbi cikin wando mai kama jiki, sun kifa hular kwano, suna sheƙa gudu a kan kekuna masu siraran taya wai motsa jini suke yi. Waɗannan suna zagin masu ƙafa, masu ƙafa suna tsine musu, babu mai ba wani hanya. Matsa-Gefe ya girgiza kai ya ce hanya ta lalace, ba ta da manya.

Mako guda ya yi yana jin kunya, yana ja da hular ƙasa kada wani direba ya gane shi. A mako na biyu bakinsa ya dawo. Ƙararrawar keken ba ta yi masa ba, ya ce kukanta kamar na cokali a kofi, don haka ya koma ga maƙogwaronsa. Daga nesa ake jin "Matsa gefe!" ta cikin takunkumi, mutane su dare suna tsammanin motar asibiti ce, sai su ga wani dattijo a kan tsohon keke da kabeji a kwando. Shi kuwa ya miƙe wuya kamar har yanzu Yallaɓai yana zaune a baya yana karanta jarida.

Matarsa ba ta samu hutu ba, aikinsu ma ninkuwa ya yi. Tunda babu bas, tafiyar awa ɗaya da rabi take yi zuwa, ta yi wata dawowa, ta zauna ta tsoma ƙafa a ruwan ɗumi. Wata safiya ta tsaya tana kallon sa yana goge sirdin keken.

"Baban yara, da ka ɗora ni a kariya mana, ko zuwa gada ne. Ƙafar nan ta kumbura."

"Keken aiki ne," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ta ɗaura takunkuminta ta fita.

Bayan kwana uku, ta riga shi fita da kusan awa guda, sai Yallaɓai ya bugo waya: maganin hawan jininsa ya ƙare, kantin da ke kusa babu, sai na ƙetaren gada, kuma yanzu-yanzu. Matsa-Gefe bai taɓa bin wannan hanyar da keke ba. Gangare ne mai tsawo, kuma a bakin gadar an gindaya ganguna an bar siririyar hanya, jama'a sun cunkushe a wurin. Keken ya kama gangaren ya fara gudu da kansa. Iska ta cika masa riga, daɗi ya kama shi, rabonsa da irin wannan gudun tun ranar da aka rufe motar. Ya buɗe murya, mutane suka dare hagu da dama kamar yadda suka saba.

Mace ɗaya ce ba ta kauce ba. Tana tafiya a hankali da jaka a kafaɗa, ƙarfen gada a damanta, mutane a hagunta, babu inda za ta matsa ko ta so. Matsa-Gefe ya sake tsawa, ya ga tazarar ta ƙare. A nan jikinsa ya yi abin da ya yi shekara ashirin da bakwai yana yi ba tare da ya nemi shawarar kansa ba: ƙafar dama ta taka birki da dukkan ƙarfinta, tafin hannu ya daki tsakiyar sitiyari don danna oda. Amma abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa feda ce, keken ya ƙara zabura gaba, kuma hannun da ya saki ya bar kan keken ya karkace. Birkin gaskiya yana nan ƙarƙashin yatsunsa, ko taɓa shi bai yi ba. Ya kwashi matar ta baya, ta faɗi a kan hannunta, shi ya wuntsila gefe, hular aiki ta gangara cikin ƙura.

Ya miƙe, kuma kamar kowane direba, abin hawan ya fara dubawa. Ya ga kwando ya lotse. Sannan ya juya kan matar da ke zaune a ƙasa ta riƙe wuyan hannunta. Jama'a sun kewaye su daga nesa, kowa yana sannu amma babu mai matsowa saboda tsoron cuta.

"Kurma ce ke? Tun daga sama nake ihu! Kwaltar ubanki ce da za ki baje a kai? Irinku ne kuke ja wa mutum..."

Ta sa hannun mai lafiya ta janye takunkumin. "Baban yara, ni ce."

Zanen da ke jikinta shi ne wanda yake gani a kan igiyar shanya kowane mako. Jakar ma shi ya kawo mata ita, cikin kayan da uwargidan Yallaɓai ta gaji da su. Amma mutumin da ya saba ganin masu ƙafa a matsayin abin da ke tare hanya, ina zai tsaya kallon zane? Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Me kike yi a tsakiyar hanya?"

"Aiki zan tafi. Kullum ta nan nake bi." Ta cije leɓe don zafi. "Wannan ne karo na biyu, in kana so ka sani. Na farko da damina ne, bas ta lalace mana a gangaren nan, ka zo ka yi min wanka da ruwan kwata. Ka ce in matsa gefe. Na matsa."

Wata tsohuwa a cikin taron ta tafa hannu ta ce, "Au, mijinta ne ma?" Dariya ta ɓarke a bayan takunkumai.

Haka ya ɗora ta a kan kariyar keken aikin, ya kama hannun keken yana turawa a ƙasa, gwiwar wandonsa a yage. Ba su yi nisa ba wani mai hular kwano ya taho a guje ta bayansu yana kaɗa ƙararrawa. "Baba, matsa gefe mana!" Matsa-Gefe ya matsa, har yana tuntuɓe. Kuma kada a yi zaton hannun matarsa ne ya cika masa zuciya a wannan tafiyar. Sun kusa ƙofar asibiti ya rage murya.

"Maman yara, in an tambaye ki, ki ce zamewa kika yi. Kin ga keke ai ba mota ba ne. Takardar nan maganar mota take yi."

Ta bi ƙeyarsa da kallo.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ta san ta, shekara da shekaru tana karɓar zannuwan gado daga hannunta. "Subhanallahi, Yaya, me ya same ki?"

"Mai keke ne ya buge ni."

"Ya gudu ko? Haka suke yi, marasa imani."

"Bai gudu ba, ga shi nan tsaye. Direba ne. Shekara ashirin da bakwai."

Hoto ya nuna ƙashin wuyan hannu ya tsage, aka naɗe shi da filasta, aka ce sai bayan mako shida. Da suka koma gida ta wuce shi ta shiga falo, ta zare hoton ƙashin daga ambulan, ta huda samansa da tsinken gashi, ta rataye shi a ƙusar nan, a kan takardar yabo. Ya buɗe baki, ta juyo ta dube shi, ya rufe.

An buɗe gari, an yaye tamfol, Matsa-Gefe ya koma bayan sitiyari. Mutanen layi sun ce ya rage tsawa, har wasu suna cewa ya yi hankali. Ba hankali ba ne, yanzu sai ya leƙa zanen mace da kyau kafin ya sauke gilashi. Hoton kuwa yana nan a ƙusa, kuma tun ranar ba ta sake goge gilashin ba. In hasken taga ya bugi bangon da hantsi, ana iya karanta "bai taɓa yin haɗari ba" ta cikin ƙashin da ya tsage. Baƙo in ya tambaya hannun wa ne wannan, sai maigidan ya tuna bai duba man mota ba, ya tashi ya fita, ita ta ba da amsa.